Yaron da Aka Koya wa Yin Shiru

A tsakiyar zango na cire yarana daga makaranta, kuma ban nemi shawarar kowa ba. Mijina Curtis ma sanar da shi kawai na yi. Dalili kuwa duk garin ya sani. Wata rana cikin Oktoba wani marar aikin yi ya buga waya ya ce akwai mai bindiga a firamarenmu. Aka kulle ƙofofi, 'yan sanda suka zagaye ginin, mu iyaye muka yi cirko-cirko a bakin titi muna kallon tagogin da aka toshe da baƙar takarda. Ashe ƙarya ce, babu kowa. Amma kafin a gane ƙarya ce, ɗana Orrin mai shekara shida ya riga ya jiƙa wandonsa a ɗakin ajiye fenti, inda suka tsuguna cikin duhu shi da 'yan ajinsu. Yayarsa Linnea, mai sha ɗaya, ta fito tana taunar gashinta, abin da ta daina tun tana 'yar mitsitsiya.

Washegari na je na kwaso littattafansu. Malamar su Orrin, Malama Tervo, wata doguwar mace mai furfura, ta biyo ni har bakin mota, wai in yi haƙuri zango ya ƙare, yaro yana bukatar abokansa. Ni kuwa in raina ya ɓaci bakina ba ya jin birki. Na ce mata ni na haife shi, kuma ban haife shi don a riƙa cusa shi a lungu kamar tsintsiya ba. Na ce a gidana babu mai koya masa tsoro. Na ja mota na bar ta tsaye da jakar abincinsa a hannu.

Teburin kicin ya zama aji. Curtis ya samu abin tsokana, kullum kafin ya fita sai ya rusuna ya ce, "Ranki ya daɗe shugabar makaranta, a taimaka wa direba da kofi." Itace yake ɗaukowa da babbar mota daga can cikin daji, inda waya ba ta shiga, don haka daga fitarsa har dawowarsa ni kaɗai ce da yaran. Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Lissafin Linnea ya fi ƙarfina tun makon farko, na haɗa ta da darasin kwamfuta, ta sa abin sauraro a kunnuwa tana bi. Orrin kuwa muna karanta haruffa a jikin kwalin madara, muna ƙirga ƙwai, in ya gaji ya kwanta a ƙasa da kare na roba a ƙirji. Ya daina farkawa da kuka. Ya koma cin abinci. Na riƙa jin kaina, har ina faɗa wa matan coci cewa da na sani da tuni na yi.

Ranar da abin ya faru saura kwanaki kaɗan a buɗe farautar barewa. A wajenmu, in lokacin ya matso, kowane magidanci sai ya fito da bindigarsa ya gwada saitinta a bayan gida. Tun ina cikin zanen goyo nake jin wannan ƙarar, har kunnena ya daina ɗaukarta a bakin komai. Maƙwabcinmu Baba Kangas, tsohon da ke bayan itatuwan da suka raba gonakinmu, yana da tudun yashi da yake harbi a kai, kuma da rana yake yi, lokacin da yaran unguwa suke makaranta.

Mun gama abincin rana na miƙa wa Orrin kwanon ɓawon dankali na ce ya watsa wa kaji ya dawo mu yi rubutu. Ya zura silifas, daga shi sai 'yar rigar gida. Na ce ya sa kwat, ya ce yanzu zai dawo, na ƙyale shi don akurkin yana nan kusa da ƙofar baya. Na sauka ɗakin ƙasa in juye wanki. Ina can na ji harbi, tau, tau, sannan wani. A raina na ce Baba Kangas ya fara ɓarnar harsashi, na ci gaba da ninke tawul.

Da na hau, kujerar Orrin babu kowa.

"Linnea, ina ƙaninki?"

Ta zare abin kunne ɗaya. "Ba kin aike shi wajen kaji ba?"

Na buɗe ƙofar baya. Kwanon yana kife a ƙasan matakala, ɓawon dankali ya watse, kaji ko kusa da shi ba su zo ba. Sanyi ya mare ni a fuska, irin wanda ke daskarar da ruwan kaji kafin ka juya. Na kira sunansa. Na sake kira, da muryar da ya san ba wasa a cikinta. Shiru. Sai wani harbin ya tashi daga bayan itatuwa.

Ban san lokacin da na keta itatuwan ba. Na tarar da tsohon ya kwantar da kumatu a kan bindiga, ya ɗora ta a kan buhun yashi.

"Baba! Tsaya! Tsaya, don Allah!"

Ya ɗago yana cire auduga daga kunne. "Kai, Kendra, za ki sa zuciyar tsoho ta buga. An tashi daga jami'ar kicin ɗin ne?"

"Ina ka harba? Wane gefe?"

"Gefen da nake harbi tun ba a haife ki ba. Ga tudu can. Lafiya?"

"Orrin ne ban gani ba."

Dariyar ta ɓace daga fuskarsa. Ya zare harsashin ya zuba a aljihu. Muka je bayan tudun tare, ni a gaba, ina duba ciyawa ina roƙon Allah kada in ga abin da nake nema. Babu komai sai gwangwanaye masu huji. Ya ce, "Ko ɗaya bai tsallake yashin nan ba, 'yar nan, na rantse miki." Na yarda da shi.

Muka dawo gida muka bazu. Na duba ƙarƙashin gadaje, cikin kabad, bayan injin wanki, cikin mota, har firizar gareji na buɗe ina kau da kai. Baba Kangas ya shiga rumbu da ɗakin itace yana ɗaga duk abin da ke ɗaguwa. Na gangara rafin da ke bayan gona, wanda ƙanƙara ta fara rufewa sama-sama, na bi bakinsa ina neman inda ta fashe. Ba ta fashe ba. Na tsaya a wurin na ƙwala kiran sunansa har maƙogwarona ya yi zafi, ba abin da ya amsa sai karen wasu can nesa.

Na buga wa 'yan sanda. Matar da ta ɗauka ta tambayi shekarunsa da abin da ke jikinsa, na ce rigar gida da silifas. Ta ce mota tana zuwa, amma daga ɗaya ƙarshen gundumar za ta taso, kuma hanya da santsi. Na buga wa Curtis, na san ba za ta shiga ba, ba ta kuwa shiga ba.

Ina tsaye a barandar baya ina ta kira, sai na ji an ja min riga. Linnea ce, fuskarta ta yi fari fat, gashi a baki.

"Mama, ki daina kiran sa."

"Me kika ce?"

"Ba zai amsa ba. Ko yana jin ki ba zai amsa ba."

Na riƙe kafaɗunta, na san na matse ta da yawa. "Ke, in kin san inda yake ki faɗa min yanzu. Ba lokacin wasa ba ne."

"Ban sani ba! Ɓuya ya yi. Ya ji harbi ya ɓuya, haka ake yi." Ta fashe da kuka, maganar tana fita a gutsure. "In an ji harbi, ka shiga wuri mai duhu, ka yi tsit, kada ka fito ko wa ya kira ka. An ce mugun zai iya sanin sunanka. Zai iya cewa shi ɗan sanda ne. Akwai yaron da ya tambaya, in mamata ce fa? Aka ce ko mamarka ce, don zai iya riƙe ta ya sa ta kira ka."

Na sake ta. Na san ana yi musu atisayen ɓuya a makaranta, kowa ya sani, takarda ma ake aiko mana. Amma ban taɓa tambayar me ake faɗa musu a ciki ba, su kuma ba su taɓa kawo zancen a teburin abinci ba. Na cire yaron daga makaranta, na kwaso littattafansa da takalmin wasansa, ashe wannan yana cikin kansa na taho da shi gida. Tsoron da ya kama ni a lokacin ya fi na rafin, don yanzu na san yana kusa, yana da rai, kuma duk kiran da na yi ƙara danne shi nake yi a inda yake.

"To wa zai amsa wa?"

"Malamarsu. 'Yan ƙananan aji, malamarsu ce kaɗai ke fito da su."

Baba Kangas ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Yau na ga abin da ya ishe ni. Mu a zamaninmu in an ji harbi fitowa ake a ga me aka kashe."

Lambar makarantar tana nan a wayata, ban goge ba. Sakatariya ta ɗauka, na faɗi sunana, na ji yadda muryarta ta canja, don duk ofishin sun ji abin da na yi a bakin mota. Na ce ta haɗa ni da Malama Tervo, maganar rai ce. Na ji takun takalmi, na ji hayaniyar yara, sannan muryarta.

Na shirya jin baƙar magana, na kuma shirya haɗiye ta. Ba ta yi ba. Ta saurara har na gama, ta ce, "Me ke jikinsa?"

Na faɗa mata.

"To ji nan. Kada a sake harbi. Kada a buga ƙofa da ƙarfi, kada a yi gudu. In 'yan sanda sun riga ni, ki ce su kashe jiniya tun daga titi." Ta ja numfashi. "Wasa na mayar musu da atisayen don kada su firgita. Su ɓeraye ne, mujiya tana wucewa. In an gama nakan ce, mujiya ta tafi, ɓeraye su fito. Ki gwada. Amma na sha gaya musu daga bakina kaɗai za su karɓa, Orrin kuwa ba ya karya doka. Ga ni nan zuwa."

Na gwada. Na tsaya a tsakar gida, mace da girmana, ina faɗa wa rumbu da akurki cewa mujiya ta tafi. Na faɗa a hankali, na faɗa da ƙarfi, na faɗa da irin muryar da nake karanta masa labari. Linnea ta gwada ita ma. Iska kawai ke kaɗa igiyar shanya.

Sai dusar ƙanƙara ta fara sauka, ƙanana-ƙanana, irin wadda ba ta da niyyar tsayawa.

Daga makaranta zuwa gidanmu tafiya ce, ko da rani. Ban taɓa jin tsawonta ba sai ranar. An hana ni kira, an hana ni gudu, ba abin da ya rage min sai tsayuwa. A nan duk uwa ta san abin da sanyi ke yi wa ƙaramin yaro. Da farko zai yi ta karkarwa, daga baya karkarwar ta tsaya, barci mai daɗi ya fara ɗaukarsa. Na riƙa tambayar kaina, shirun nan da nake ji, na biyayya ne ko na barcin ne? Na tsani matar nan a lokacin, tsana ta gaske, don ita ta saka masa wannan a kai. Kuma ban taɓa ƙosawa in ga motar wani mahaluki kamar yadda na ƙosa in ga tata ba.

Baba Kangas ya shiga ya cika murhu da itace, ya ɗora ruwa, ya fito ya tsaya kusa da ni. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Da na tuna suna gida da rana, da ban fito da ita ba. Na saba sai motar makaranta ta wuce nake farawa."

"Ba laifinka ba ne, Baba."

"Ban ce laifina ba ne. Na ce da ban fito da ita ba."

Haske ya fara raguwa lokacin da wata ƙaramar mota ta shigo a hankali, ba ko hon. Malama Tervo ta fito, ko kwat ɗinta ba ta maɓalle ba, katin aiki yana lilo a wuyanta. Ba ta gaishe ni ba, ni ma ban gaishe ta ba.

"Ina yake lokacin da aka yi harbin?"

Na nuna mata kwanon, wanda dusar ta fara rufewa.

"To bai yi nisa ba. Wuri mafi kusa nake ce musu."

Ta tsaya a gindin matakalar ta gyara tsayuwa. Ta tafa hannu sau biyu. Ba ta ɗaga murya ba, da muryar aji ta yi magana, irin wadda ake cewa a ajiye fensir.

"Mujiya ta tafi. Ɓeraye su fito."

Babu abin da ya motsa. Linnea ta cusa fuskarta a bayana. Na kama ƙarfen baranda. Malamar ta haɗiyi yawu, na ga maƙogwaronta ya motsa, a nan na gane ita ma a tsorace take.

Ta durƙusa a kan dusar, ta sake tafawa. "Orrin Haapala, Malama Tervo ce. An gama. Mujiya ta tafi, ɓeraye su fito."

Sai na ji wani ɗan ƙaramin motsi, kamar ana jan leda, a ƙarƙashin ƙafafuna.

Ƙarƙashin barandar ne, barandar da na yini a kanta ina ihu. Na leƙa wurin tun farko, ban ga komai ba sai kujerun shan iska da muka jibge muka rufe da tamfol. Ashe ya kutsa ta bayansu ya shige cikin tamfol ɗin ya naɗe. Gefen ya ɗaga, hannu ya fito, sannan kai. Rarrafe yake son yi amma ƙafafun sun ƙi. Na kwanta rub da ciki a ƙasa na jawo shi ta hammata. Jikinsa kamar na ciro shi daga firiza, leɓɓansa sun yi shuɗi, silifas ɗaya babu. Amma yana karkarwa, har haƙoransa na haɗuwa, ban taɓa jin daɗin ganin yaro yana karkarwa ba sai ranar.

Muka shige da shi gaban murhu. Malama ta ce kada a murza masa hannu, a cire rigar mai laima, in sa shi a cikin rigata fata da fata. Baba Kangas ya kawo ruwan ɗumi da zuma, yana zubar da rabi a hanya. Linnea ta zauna a ƙasa ta rungume ƙafafunsa. Ta taga na hango motar 'yan sanda ta shigo, tsohon ya fita ya tare su.

An jima kafin bakinsa ya buɗe. Da ya buɗe, ba ni ya kalla ba.

"Malama, ban yi motsi ba."

"Na gani, Orrin."

"Ko tari ban yi ba. Ya zo min, na cije hannuna." Ya zaro hannun daga rigata ya nuna mata, ga shatin haƙora nan a jere.

Malama Tervo ta dubi shatin. Ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna motsi.

Na ce, "Ɗana, ba ka ji ina kiran ka ba?"

Ya ɗago ya dube ni, idanunsa suka ciko. "Na ji. A kaina kike tsaye. Kin yi ta ihu, Mama, kin yi ta ihu, ko ɓuya ba ki yi ba. Na ce yanzu mugun zai ji ki ya zo ya harbe ki. Ina so in ce ki yi shiru, kuma ba a magana."

Na ƙanƙame shi. Ya sa tafin hannunsa mai sanyi a kumatuna, yana shafawa kamar yadda nake yi masa in ya faɗi.

"Ba komai, Mama, ba a koya miki ba ne. Gobe in mun zauna karatu zan koya miki."